Kwamfuta ɗaya ta tsayar da fasinjoji 17,000: yaya ake gano mai cika rezo da hayaniya?

Ranar Asabar 11 ga Agustan 2007, na'urorin ƴan duwan na filin jirgin saman Los Angeles a Amurka suka tsaya cik. Fasinjoji sama da 17,000 da suka iso daga ƙasashen waje suka maƙale, wasu sun share awoyi zaune cikin jirgi. Da fari an zargi layukan kamfanin sadarwa, aka duba, lafiyarsu lau. Ashe katin rezo ne na wata kwamfuta guda ya lalace, yana ta ambaliyar saƙonni har ya toshe wa kowa hanya.

Abin da ke sa binciken wuya shi ne halin suwic, akwatin nan da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a jikinsa. Kowace na'ura tana da lambarta ta MAC, shi kuma suwic yana riƙe da wace lamba ke kan wace kafa, yana kai saƙo ga mai shi kaɗai. Don haka ko gwani ya buɗe Wireshark a kwamfutarsa, nasa rabon kawai zai gani, sai saƙonnin shela da ake aika wa kowa.

Suwic mai tsada yana ba da dama a duba lissafin kowace kafa, a ga wadda kayanta suka wuce kima, ko a umarce shi ya kwafo abin da ke bi ta kafar zuwa kwamfutar mai bincike. Da an samu lambar MAC, rabinta na farko yana nuna kamfanin da ya ƙera na'urar. Daga nan sai a bi sawunta suwic bayan suwic har bakin teburin da take.

Mai gidan intanet a Maradi ko Damagaram da ke aiki da ɗan suwic mai araha ba ya da wannan gata, kuma sau da yawa kamfanin intanet yake ɗora wa laifi ba gaira ba dalili. Idan fitilun akwatin duka suna ƙiftawa tare ba hutu, mai yiwuwa wani ya soka bakin waya ɗaya biyu a suwic ɗin. Saƙon shela ba ya da wa'adin mutuwa, zai yi ta zagaye yana ninkuwa. Sai a riƙa zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ana kallon fitilu, har a kai ga wadda cire ta ya sa suka lafa.