Yadda Baƙin Ciki Ke Raunata Zuciya

Mummunan labari ta kunne yake shiga, amma ba a nan yake tsayawa ba. Kafin mutum ya gama fahimtar abin da aka gaya masa, wani ɗan sashe a cikin ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira amigdala ya riga ya sanar da jiki cewa akwai haɗari. Saƙon ya bi jijiyoyi har zuwa wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a kan ƙoda, su kuma su kwararo sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take gaba ya faɗi, yawu ya ƙafe, zufa ta keto. Tun 1915 Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana cewa jiki ne ke ɗaura ɗamarar faɗa ko gudu.

Galibi abin kan lafa. Wani lokaci kuwa sinadarin kan yi wa zuciya yawa. A 1990 likitoci a Japan suka ba da labarin marasa lafiya masu ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, amma da aka duba hanyoyin jinin zuciyarsu, babu wadda ta toshe. Ɗakin zuciya na hagu na ƙasa, wanda ke tunkuɗa jini zuwa sassan jiki, shi ne ya saki, ya kumbura kamar tulun da masuntan ƙasar ke kama wata dabbar teku da shi. Sunan tulun, takotsubo, shi aka raɗa wa cutar. Kusan tara cikin goma na masu kamuwa mata ne, akasari waɗanda haila ta ɗauke musu, kuma sau da yawa rasuwa ko firgita ce ke tayar da ita. Bayan girgizar ƙasar da aka yi a Niigata ta Japan a 2004, an ga masu cutar sun ƙaru.

Yawancinsu sukan warke cikin 'yan makonni, amma kwanakin farko na da haɗari, don tana iya kisa.

Wannan ne ya sa nake tsorata da yadda muke yi a gidan makoki. Dattijuwar da ta rasa miji ko ɗa ta dafe ƙirji tana haki, sai mu zagaye ta muna cewa, "Inna, sai haƙuri." Haƙuri da addu'a wajibi ne, ba musu. Amma ba mai iya bambance wannan ciwo da toshewar hanyar jini da ido, sai an yi gwaji. Idan mai zaman makoki ta koka da ciwon ƙirji, a kai ta asibiti a lokacin, kada a jira sai an share makoki.