Fitsarin jinin da ba tsargiya ba ne

A garuruwan da ke bakin kogi ko madatsar ruwa, saurayi ya ga jini a fitsarinsa ba abin tayar da hankali ba ne. Tsargiya ce, a sha magani. Galibi kuma hakan ne. Sai dai akwai wani ciwon daji na ƙoda, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da RMC, da kan fara da wannan alama, kuma kusan duk waɗanda yake kamawa masu jinin AS ne, mutanen da suka gaji sikila daga ɓangare ɗaya suna yawonsu lafiya lau.

A 1995 aka fara bayyana shi. Dakta Charles Davis da abokan aikinsa biyu, a cibiyar nazarin cututtuka ta sojojin Amurka da ke Washington, sun tattara bayanan majinyata 34 cikin shekara 22. Dukkansu 'yan ƙasa da shekara 40 ne, kuma kusan kowannensu an ga ƙwayoyin jini masu siffar lauje a cikin tsokarsa.

Me ya haɗa sikila da ƙoda? Can tsakiyar ƙoda wuri ne mai ƙarancin iskar oksijin, ga gishiri ya yi yawa. Jinin mai AS, wanda galibi ba ya lanƙwashewa a sauran jiki, a nan yakan lanƙwashe ya toshe ƙananan jijiyoyi. Ana cikin wannan ƙunci sai wasu ƙwayoyin ƙodar su rasa wani sinadarin gado mai suna SMARCB1, wanda aikinsa hana ƙwaya hayayyafa barkatai. Ciwon ya fi kama maza matasa, ya kuma fi son ƙodar dama.

Gudunsa ne abin tsoro. Kafin a gano shi yawanci ya riga ya kai huhu ko hanta ko ƙashi, kuma rabin majinyata ba sa wuce wata 13. Ƙwayoyi irin su sunitinib, masu aiki a kan dajin ƙoda da aka saba gani, ba sa taɓa shi. Shi ya sa a asibitin MD Anderson na Houston, inda Dakta Pavlos Msaouel ya duƙufa a kansa, ake fara wa majinyaci ƙarin ruwan carboplatin da paclitaxel, a jinkirta cire ƙodar har sai an ga ciwon ya ja baya.

Kada masu AS su firgita, ciwon ba kasafai ake samunsa ba. Amma a Najeriya, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke da wannan jini, bai dace a bar takardar gwajin jini sai ranar neman aure ba. Matashin da ya sha maganin tsargiya jini bai tsaya ba, ga ciwon kwiɓi, ga rama, ya kamata ya faɗa wa likita cewa shi AS ne, a ɗauki hoton ƙodarsa. In an ga ƙari, a ciri ɗan yanki a duba ko SMARCB1 na nan.