Daga ƙudan tsando zuwa injin wankin ƙoda: Abin da ɗakunan bincike suka tono

Duk wanda ya taɓa raka majinyaci sashen wankin ƙoda a ɗaya daga cikin manyan asibitocinmu ya san irin zaman da ake yi a barandar wurin. Zama ne na lissafi: an sayar da fili, an jinginar da gona, kuma likita ya ce sai an dawo sau biyu ko uku a kowane mako. A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, kuma babu mai musun cewa wannan sauƙi ne. To amma akwai tambayar da ragin kuɗi ba ya amsawa, wadda iyaye mata kan yi wa kansu a wannan baranda: me ya kashe ƙodar saurayi ɗan shekara talatin, wanda ba shi da ciwon sukari, bai kuma taɓa kwanciya asibiti ba? Sau da yawa abin da ake rubutawa a katinsa shi ne hawan jini, domin an auna an ga jinin ya hau. Sai dai ƙodar da ta lalace ita ma tana hawar da jini, don haka ba kullum ake sanin wanne ya riga wani ba.

Cikin shekaru ashirin da suka wuce an samu wani yanki na amsar wannan tambaya, kuma ba a gefen gadon majinyaci aka same shi ba. A ɗakunan bincike aka same shi, wurin mutanen da sana'arsu ita ce duban ƙwayoyin halitta a ƙarƙashin madubi.

Kafin mu je can, bari mai karatu ya ɗan san yadda ƙoda take aiki. Kowace ƙoda ɗaya tana ɗauke da ƙananan matatu kusan miliyan guda. A kwana ɗaya ƙodojin biyu kan tace ruwa kimanin lita 180 daga cikin jini, su mayar da kusan dukkansa, su bar lita ɗaya da rabi ko makamancin haka ya fita a matsayin fitsari. A kan kowace matata akwai wasu ƙwayoyin halitta da masana ke kira fodosayit, ma'ana masu ƙafafu, saboda sukan miƙa 'yan ƙafafu su sarƙe da na maƙwabtansu kamar yadda mutum ke sarƙe yatsun hannayensa biyu. 'Yan tsagogin da ke tsakanin waɗannan yatsu su ne rariyar ƙarshe da ke hana furotin ɗin jini zurarewa. Matsalar ita ce waɗannan ƙwayoyi ba sa hayayyafa kamar na fata. Wadda ta mutu ta tafi. Idan suka ragu sai rariya ta yage, furotin ya bi fitsari, fitsarin ya riƙa kumfa, ƙafafu da fuska su kumbura, matatun su yi tabo ɗaya bayan ɗaya.

An daɗe da lura cewa a Amurka baƙaƙen fata suna fuskantar mutuwar ƙoda kusan ninki huɗu a kan farare. An ɗora laifin a kan talauci da rashin samun likita da irin abincin da ake ci, kuma duk waɗannan suna da nasu kason, amma ba su cike giɓin ba. A shekarar 2008 wasu rukunoni biyu na masu bincike suka bi sawun abin har zuwa sarƙar gado ta 22 daga cikin 23 da ke jikin ɗan Adam, suka nuna wata ƙwayar gado mai suna MYH9 suka ce ita ce. Ashe maƙwabciyarta ce mai laifin. A 2010 rukunin Martin Pollak na Jami'ar Harvard, da wani rukuni a Isra'ila ƙarƙashin Karl Skorecki, suka nuna cewa ƙwayar gadon da ke kusa da ita, wato APOL1, ita ce tushen. Akwai wasu nau'o'inta biyu da aka raɗa wa G1 da G2, kuma a binciken Pollak wanda ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, haɗarinsa na kamuwa da wani nau'in tabon matatar ƙoda ya ninka kusan sau goma. Na kawo kuskuren 2008 da gangan, domin mu da muka saba jin an ce "bincike ya nuna" mu san cewa bincike ma yana ɓatan kai, kuma wani binciken ne ke dawo da shi hanya.

Abin da ya ba kowa mamaki shi ne wannan suna na APOL1 ba baƙo ba ne, sai dai a wani fage daban aka san shi. Tun a 2003 ɗakin binciken Etienne Pays a ƙasar Beljiyam ya gano cewa furotin ɗin da wannan ƙwayar gado ke samarwa shi ne makamin da jinin ɗan Adam ke kashe ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa. Shi ya sa irin ƙwayar da ke sa wa shanu sammore ba ta iya zama a jinin makiyayin da ke kiwon su. Ƙwayar cutar kan haɗiye furotin ɗin, shi kuma ya huda mata rami daga ciki, ta kumbura ta fashe. Amma nau'o'i biyu na wannan cuta sun koyi dabarar kauce wa makamin, su ne masu haddasa ciwon barci a jikin mutane, ɗaya a gabashin Afirka ɗaya a yammaci. Sai jikin kakanninmu ya yi nasa martanin: G1 da G2 sabbin ƙira ne na tsohon makami. An nuna cewa G2 tana kare mutum daga nau'in gabashi, G1 kuma an danganta ta da sassaucin cutar a wurin masu ɗauke da nau'in yammaci. Wanda ya gaje su ya fi samun damar rayuwa ya haihu, don haka suka yaɗu cikin 'yan dubban shekarun da suka wuce, musamman a Afirka ta Yamma, daga nan jiragen cinikin bayi suka tsallaka da su Amurka da Karebiyan da Barazil. A Habasha kusan babu su.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin labarin sikila ke nan a wata riga. Wanda ya gaji ƙwayar sikila ɗaya ya samu kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda ya gaji biyu ya ɗauki kaya. Ciwon barci ma ba labarin nesa ba ne gare mu. Annobarsa ce a shekarun 1930 ta sa Turawan mulkin mallaka suka tashi mutanen yankin Anchau a ƙasar Zazzau suka gina musu sabon gari suka sa masa suna Takalafiya, kuma ita ce sanadin kafa cibiyar binciken wannan cuta da ke Kaduna da Vom.

Sanin mai laifi daban, sanin yadda yake ɓarna daban. A nan aikin ya yi wuya, saboda ɓeraye, waɗanda da su ake yawancin gwaje-gwaje, ba su da APOL1 kwata-kwata. Mutum ne da wasu 'yan birai irin su goggo da gwaggon biri ke da ita. Dole masu bincike suka bi hanyoyi biyu. Ta farko ita ce renon ƙwayoyin halittar ƙoda a cikin faranti, a sa musu G1 ko G2 a ga abin da zai faru. Da wannan hanya Opeyemi Olabisi, likita ɗan asalin Nijeriya da ke aiki a Amurka, ya nuna tare da abokan aikinsa a 2016 cewa ƙwayoyin suna zubar da sinadarin fotasiyam da ke cikinsu, su kumbura, su mutu. Ta biyu ita ce dasa ƙwayar gadon ɗan Adam a jikin ɓera. A 2017 ɗakin binciken Katalin Susztak na Jami'ar Pennsylvania ya yi haka: ɓerayen da aka kunna wa G1 ko G2 a cikin fodosayit ɗinsu suka fara zubar da furotin a fitsari, matatunsu suka yi tabo, waɗanda aka sa wa nau'in asali kuwa suka zauna lafiya. Wato makamin da aka ƙera domin huda ƙwayar cuta ya yi kaifin da yake huda bangon gidansa. Har yanzu masana na muhawara a kan sauran hanyoyin ɓarnar, kamar lalata injinan samar da kuzari na cikin ƙwayar halitta, amma batun hudar ya samu karɓuwa sosai.

Wani abin lura, wanda bai kamata a bari ya shige ba, shi ne mafi yawan waɗanda suka gaji biyun ba za su taɓa yin ciwon ƙoda ba. Ƙiyasin da masana ke yi bai wuce mutum ɗaya cikin biyar ba. Sai an samu abin da ya tunzura makamin. Jiki yana ƙara yawan APOL1 idan ya saki sinadarin intaferon domin yaƙar ƙwayoyin cuta, shi ya sa cutar ƙanjamau ta zama babbar mai tunzurawa, haka ma aka ga mummunan ciwon ƙoda a jikin wasu masu wannan gado lokacin annobar korona a 2020. A 2023 kuma aka gano cewa wani ƙaramin sauyi mai suna N264K, idan ya zo tare da G2, yakan dushe kaifinta.

Duk wannan a kan baƙaƙen Amurka aka fara gina shi, alhali tushen yana nan. Ifeoma Ulasi ta Inugu da abokan aikinta sun wallafa wani bincike a kan al'ummar Ibo a 2013, amma babban aikin sai a 2024 ya fito, daga ƙawancen masu binciken ƙoda na shirin H3Africa, wanda Dwomoa Adu na Jami'ar Gana da Akinlolu Ojo suka jagoranta, Rasheed Gbadegesin kuma ya zo farko a jerin marubutansa. Sun auna mutum 8,355 a Nijeriya da Gana, masu ciwon da marasa shi. Kashi 43 cikin ɗari na ɗauke da guda ɗaya, kusan kashi 30 na ɗauke da biyu. Masu biyu haɗarinsu na ciwon ƙoda mai daɗewa ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari, kuma sabon abin shi ne ko masu guda ɗaya nasu ya ƙaru da kashi 18. A Amurka kimanin kashi 13 cikin ɗari ne na baƙaƙen fata ke ɗauke da biyu.

Daga hudar nan aka samo dabarar magani: idan rami ne, a toshe shi. Kamfanin Vertex ya haɗa wata ƙwaya mai suna inaxaplin da ke toshe ramin APOL1. A gwajin farko da aka wallafa a 2023, an ba majinyata 16, kuma a cikin 13 da suka sha yadda aka tsara, furotin ɗin fitsarinsu ya ragu da kusan kashi 48 cikin ɗari a mako 13. Adadin mutanen kaɗan ne ƙwarai, kuma ragin furotin ba shi ne tabbacin ƙoda za ta tsira ba. Babban gwajin da aka fara a 2022 shi aka ɗora wa amsa wannan. Ni abin da ke sa ni taka-tsantsan daban ne. Wannan kamfani shi ne ya fito da Casgevy, maganin sikila na gyaran ƙwayar gado da Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2023, aka kuma sa masa farashin dala miliyan 2.2. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, to mai karatu ya ƙirga mana 'yan ƙasar nan nawa ne za su iya biya.

Akwai inda wannan ilimi ya shafe mu tun yanzu, ba sai an jira magani ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, kuma a ƙasarmu galibi ɗan'uwa ne ke ba ɗan'uwansa. Idan ciwon na gado ne, ƙanen da ya ba da ƙodarsa na iya ɗauke da irin gadon yayansa, kuma binciken da aka yi a Amurka ya nuna masu bayarwa da ke da biyun aikin ƙodarsu da ta rage yakan fi raguwa daga baya. Wannan dalili ne na a samar da gwajin a cibiyoyin dashe. Amma ba dalili ba ne na mayar da shi sharaɗin aure kamar gwajin sikila, domin wanda ya gaji sikila biyu yana da cutar tabbas, shi kuwa wannan huɗu cikin biyar lafiyarsu ƙalau.

Kuma kada mu yi garajen ɗora wa APOL1 kowane ciwon ƙoda da ke Arewa. Yawan waɗannan nau'o'i ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Ga Gashuwa da Nguru da sauran garuruwan da ke bin kogin Yobe, ga yankin Haɗeja, inda aka shafe shekaru ana kukan ciwon ƙoda ya yi yawa, kowa da abin da yake zargi: ruwan sha, maganin feshi, zafin rana ga manomi da masunci, magungunan kashe raɗaɗi da ake sha babu ƙa'ida, jiƙe-jiƙe. An ga makamancin wannan a tsakanin masu saran rake a Nikaraguwa da El Salbado da manoman shinkafa a Siri Lanka, inda ɓarnar ta fi faɗa wa bututun ƙoda, ba matatar ba. Bambance wannan da wancan aikin madubi ne: a ɗebi ɗan tsokar ƙoda a duba, a auna jini da fitsari da ruwan rijiya, a karanta ƙwayar gado. A 2021 aka buɗe cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ƙarƙashin jagorancin Dakta Mahmoud Bukar Maina, kuma ciwon ƙodar jihar na cikin ayyukan da ta sa a gaba. Cibiya ɗaya ba za ta ɗauki yankin da ya taso daga Sakkwato zuwa Maiduguri ba.

Gwamnoninmu sun fi son ƙaddamar da injin wanki, domin ana yanka kyalle a ɗauki hoto, kuma injin yana ceton rai, ban raina shi ba. Amma ina kira gare su da majalisunsu da su ware wani kaso na kuɗin da ake kashewa a wannan fanni domin abubuwan da ba a ɗaukar hotonsu: firjin ajiye samfuri da wutar da ba ta ɗaukewa, albashin da zai riƙe masanin duban tsokar ƙoda a jami'o'inmu, rajistar masu ciwon a kowace jiha, da 'yar takardar gwajin furotin a fitsari a kowane ƙaramin asibitin karkara, wadda ke iya nuna yagewar rariya shekaru kafin ƙafa ta kumbura.