Burtali da gona: darasin Toda

A watan Oktoba na 1991, rikicin manoma da makiyaya a Toda, cikin jahar Maraɗi, ya ci rayuka fiye da ɗari, galibinsu mata da yara. Ba a cika shekara biyu ba gwamnati ta fito da dokar karkara ta 1993, wadda ta haifar da kwamitocin filaye, wato COFO, domin shata burtali, tsare mashaya da ba manomi takardar shaidar gonarsa.

Sai dai doka a Yamai take, gona kuwa a ƙauye. Inda aka kafa turakun burtali, aka kuma sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi, manomi da makiyayi kan rabu lafiya. Inda aka bar garma ta cinye hanyar shanu, kowace kaka da fargaba take zuwa.