Koriya a Idon Mazauna Unguwar Jamaica

Jamaica babbar unguwa ce a gundumar Queens ta birnin New York, kusa da filin jirgin saman John F. Kennedy. Sunanta ba shi da alaƙa da tsibirin Jamaika, domin ya samo asali ne daga harshen Lenape, mutanen da suke zaune a wurin kafin zuwan Turawa. Mazaunanta sun haɗa da baƙaƙen fatar Amurka, da mutanen Haiti da Guyana, da 'yan Bangladesh, da kuma baƙi daga Afirka ta Yamma. 'Yan Koriya ba su da yawa a unguwar, saboda mafi yawan na Queens suna zaune ne a Flushing da kewayenta, arewa da Jamaica. Duk da haka, da wuya a sami mazaunin unguwar wanda ba ya tuna wani abu idan an ambaci Koriya. Abin da yake tunawa kuwa ya danganta da ƙofar da ya bi ya san ƙasar.

Ƙofa ta farko ita ce kanti. A shekarar 1965 Amurka ta sauya dokar shige da fice, sai mutanen Koriya ta Kudu suka fara shigowa da yawa. Cikinsu akwai masu digiri, amma ƙarancin Ingilishi ya hana su samun aikin da suka karanta. Don haka suka rungumi ƙananan sana'o'i, kamar sayar da kayan lambu da kifi, da wanki da guga, da gyaran farce. A lokacin ƙasarsu ta yi fice wajen yin gashin doki, wato gashin da mata suke ƙarawa a kai, kuma manyan masu saye su ne baƙaƙen mata. Ta haka shagunan kayan kwalliya na 'yan Koriya suka yawaita a tituna irin su Jamaica Avenue. Matan Afirka ta Yamma masu sana'ar kitso su ma a irin waɗannan shaguna suke sayen kayan aikinsu.

Hausawa sun ce, zo mu zauna, zo mu saɓa. Masu saye da dama sun riƙa kukan cewa mai kanti ba ya murmushi, ba ya kallon su a ido, kuma yana ajiye canji a kan tebur maimakon ya sa musu a hannu. Sun ɗauki wannan a matsayin raini. A al'adar Koriya kuwa, ƙura wa baƙo ido rashin ladabi ne, taɓa hannunsa kuma abin gudu ne. Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi: cewa ana bin mai saye da kallon zargi, kuma ba a ɗaukar 'yan unguwa aiki. Su ma masu kantunan suna fama da 'yan fashi da doguwar tsayuwa tun asuba har dare. A shekarar 1990 an ƙaurace wa kantin Family Red Apple da ke Flatbush a Brooklyn har fiye da shekara guda. A tarzomar Los Angeles ta 1992 an lalata shagunan 'yan Koriya fiye da 2,000. Wanda ya rayu a wannan zamani, idan ya ji sunan Koriya, yakan tuna ƙwazo da tattali, tare da zaman doya da manja.

Ƙofa ta biyu ita ce waƙa da fim, kuma ita matasa suka bi. A shekarar 2012 waƙar Gangnam Style ta zama bidiyo na farko da aka kalla sau biliyan ɗaya a YouTube. A watan Oktoba na 2018 mawaƙan BTS sun cika filin wasa na Citi Field, wanda yake cikin Queens. Fim ɗin Parasite ya ci babbar kyautar Oscar a 2020, sannan Squid Game ya biyo baya a 2021. A wurin waɗannan matasa, Koriya tana nufin rawa da ado, da man gyaran fata, da wayar Samsung, da soyayyen naman kaza mai yaji. Sau da yawa uwa da 'yarta sukan shiga kanti ɗaya, amma kowaccensu da tata Koriyar a zuciya.

Ƙofa ta uku ita ce wadda Bahaushe yake zuwa da ita daga gida. Yawancin Hausawan New York, waɗanda suka fito daga Nijeriya da Nijar da Gana, suna zaune a Bronx da Harlem, amma fatauci da ziyara sukan kai su Jamaica. Da yawansu sun san Koriya tun suna Kano ko Maraɗi, ta hanyar faya-fayan wasan kwaikwayo irin su Jewel in the Palace na 2003 da Jumong na 2006. A cikinsu akwai fada da sarki da fadawa, da dawakai da kibau, da kishi tsakanin 'ya'yan sarauta, duk abubuwan da ƙasar Hausa ta sani. Mutanen Nijar kuma ba su manta da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ba, wanda ya ci lambar azurfa a wasan tekwando, kokawar da ta fito daga Koriya, a gasar Olamfik ta 2016.

Abin lura shi ne, ɗabi'ar da Ba'amurke ya kira raini, Bahaushe yakan gan ta da wata fuska. A wurinsa sunkuyar da kai a gaban babba kunya ce da ladabi. Ɗan Koriya yana karɓar abu daga babba da hannu biyu, yana cire takalmi kafin ya shiga ɗaki, kuma ba ya kiran wansa da suna, sai ya ce hyung, kamar yadda ake cewa yaya. Ana kiran mace da sunan ɗanta, kamar yadda ake cewa Maman Amina. Hatta kimchi, wato kabejin da ake tsimawa da barkono, ba zai ba wanda ya san daddawa mamaki sosai ba. Inda hanya ta rabu shi ne wajen naman alade da giyar soju, waɗanda suke da muhimmanci a cin abincin taro na Koriya, amma Musulmi ba ya kusantar su.

Kowace ƙofa cikin ukun nan ɗaki ɗaya kawai take nunawa. Kanti yana nuna wahalar baƙo mai neman abinci, waƙa tana nuna abin da kamfanoni suka shirya don kasuwa, wasan kwaikwayo kuma yana nuna zamanin sarakuna da manyan gidaje. Alhali a shekarar 2023 matsakaicin haihuwa a Koriya ta Kudu bai kai ɗa ɗaya ga kowace mace ba, ya tsaya ne a 0.72. Mai koyon harshe da al'adar wasu yana iya ɗaukar darasi a nan, domin yadda ya fara sanin Hausawa, ko ta littafi, ko ta finafinan Kano, ko ta wani ɗan kasuwa, shi ma ƙofa ɗaya ce. Tsakanin Jamaica da Flushing tafiyar motar safa ce ta ƙasa da awa guda, kuma gani ya kori ji.