Okid Mai Zanen Damisa: Baƙon da Ba Ya Cutar da Mai Masauki

Duk wanda ya hango dunƙulen ganye maƙale a saman bishiya, kauci ne zai fara faɗo masa a rai. To, akwai wani tsiro mai irin wannan mazauni wanda halinsa ya yi hannun riga da na kauci. Kauci huda reshe yake yi ya tsotse ruwan bishiya. Shi kuwa wannan wurin zama kawai ya ara, cinsa da shansa daga ruwan sama, raɓa da ruɓaɓɓen ganye suke fitowa.

Masana tsirrai suna kiransa Ansellia africana, ɗaya daga cikin dangin furannin okid. Furensa rawaya ne mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, abin da ya sa Turawa suka jingina shi da damisa. Ana samunsa a ƙasashen Afirka masu zafi, tun daga yamma har zuwa Afirka ta Kudu.

Sunan nasa yana da tarihi. A shekarar 1841 Ingila ta turo jiragen ruwa uku su hau Kogin Kwara, tafiyar da zazzaɓi ya yi wa mummunar ɓarna. A cikin ayarin akwai wani mai aikin lambu, John Ansell, wanda ya ci karo da tsiron a tsibirin Fernando Po, wato Bioko na yau. A 1844 masanin tsirrai John Lindley ya raɗa wa tsiron sunan mutumin. Wani abin sha'awa, a tafiyar nan akwai J. F. Schön, wanda daga baya ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa.

Ni dai saiwarsa ce ta fi ɗaukar hankalina. Iri biyu ce. Akwai masu kauri da ke rungume ɓawon bishiya, akwai kuma sirara farare da ke miƙewa sama tsaye kamar tsinken tsintsiya, har su haɗu su zama kwando. Duk ganyen da ya faɗo daga sama a nan yake maƙalewa, ya ruɓe, ya zama taki. Wato tsiron da kansa yake tara jujinsa a inda babu ko ƙwayar ƙasa. Karansa kuma mai gaɓa-gaɓa ne kamar rake, a ciki yake adana ruwan da zai kai shi ƙarshen rani.

Wanda ya gane wannan ya gane yadda ake renonsa. Idan aka dasa shi a ƙasar lambu, saiwar za ta shaƙe ta ruɓe. Tukunya mai huji da yawa ake nema, a cika ta da ɓawon itace, gawayi da tsingaro, yadda ruwa zai wuce nan take. Yana son haske sosai, sai dai a kare shi daga ranar tsaka. Idan yana fitar da sabon toho a ba shi ruwa a wadace da taki kaɗan-kaɗan. Idan karan ya ƙosa a rage, domin wannan ɗan hutun na taimaka masa ya yi fure.

Irinsa ne mai wuyar sha'ani. Gari ne kamar ƙura, ba shi da guzurin abinci irin na ƙwayar gero, don haka a daji ba ya tsira sai ya dace da wani nau'in naman gwari da zai ciyar da shi. Sai a 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna ana iya tsirar da irin okid a cikin kwalba, a kan abinci mai sukari da gishirin ma'adinai. Ko da haka, shekaru ake jira kafin fure.

Wannan jinkirin ne ke sa zuciyata ta sosu idan na tuna yadda ake ɓamɓaro shi dungurungum daga daji, wasu don ado, wasu don magani, musamman a kudancin Afirka, har ya shiga jerin tsirran da ke fuskantar barazana. Alhali kuwa tushe ɗaya da ya girma a gida ya isa a raba. A yanka da wuƙa mai tsabta, kowane kashi da kara uku ko huɗu, a bar yankan ya sha iska kafin a mayar da shi tukunya.