Katin Bashi: Kada Ka Ɗauki Iyakar Banki A Matsayin Dukiyarka

Bara wani ɗan 'yar'uwata da ke zaune a Amurka ya zo gida aurar da ƙanwarsa. Direban tasi ne a Niyok, yaro mai neman na kansa, ba shaye-shaye, ba caca. Ranar da aka kai amarya muna zaune da daddare sai ya zaro kati daga aljihu yana nuna wa sa'o'insa, yana cewa banki ya ba shi dala 20,000. Na ce masa, "Ba ka aka yi, ko ranta maka aka yi?" Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai a can duk ɗaya ne."

Da katin nan ya yanki tikitin jirgi, da shi ya sayo akwatunan tsaraba. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne, kafin ya taso ya riƙa zuwa na'urar cire kuɗi yana zaro tsaba da katin yana turowa gida, aka sayi gado da kujeru da kayan kicin, aka yi gara ta kece raini. Kowa na sa masa albarka. Da ya koma bakin aiki bashin ya kai dala 14,000.

Mu yi lissafi. Kuɗin ruwan katinsa kashi 24 cikin ɗari ne a shekara, kuma wannan ba wani abin mamaki ba ne a can, domin a 'yan shekarun nan matsakaicin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20. Ke nan duk wata ruwa kaɗai dala 280 ne. Banki ya rubuta masa mafi ƙarancin abin da zai biya, wajen dala 420, shi kuma ya ɗauka in ya biya wannan ya fita haƙƙi. A cikin 420 ɗin, 140 ce kawai ke taɓa uwar kuɗi. Sauran na banki ne. Da sanyi ya shigo aiki ya ja baya, ya tsallake biyan wata biyu, sai banki ya zaftare iyakar katin ya mayar da ita daidai bashin da ke kansa. Ya nemi rancen canza mota aka ce masa makinsa na biyan bashi ya faɗi. Yau yaron da a da yake aiko wa uwarsa kuɗin cefane shi ake tambaya ko lafiya.

Ban kawo labarinsa don tozarci ba. Na kawo shi ne saboda yawancinmu, na gida da na waje, ba mu san yadda banki ke yanke wannan iyaka ba, shi ya sa muke mata kallon lambar girma.

Abu na farko da banki ke dubawa shi ne tarihinka na biyan bashi. A Amurka kamfanoni uku ne ke tattara wannan tarihi: Experian da Equifax da TransUnion. Daga bayanansu ake fitar da maki, wanda aka fi sani shi ne na FICO da aka fara amfani da shi a 1989, yana kamawa daga 300 zuwa 850. Kashi 35 na makin ya rataya ne a kan biya a kan lokaci, kashi 30 kuma a kan yawan bashin da ke kanka, musamman nawa ka ci daga cikin iyakar da aka ba ka. Ragowar ta shafi daɗewarka kana mu'amala da bashi, da ire-irensa, da yawan sababbin da kake nema. Masu ba da shawara kan ce kada mutum ya wuce kashi 30 na iyakarsa. Namu yaron ya ci kashi 70. Jinkirin da ya kai kwana 30 kuwa ana shigar da shi cikin tarihin mutum, kuma yana iya zama a wurin har shekara 7.

Sai kuma samu. Tun dokar katin bashi da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2009, dole banki ya duba ko mutum zai iya biya kafin ya buɗe masa kati ko ya ƙara masa iyaka. Shi ya sa ake tambayar abin da kake samu a shekara da kuɗin hayar da kake biya. Idan iyakar da ake magana babba ce, suna iya neman takardun haraji ko bayanan asusu. A nan ma wasu 'yan'uwanmu ke wasa da wuta, su rubuta samun da ba su da shi don a ba su da yawa. Yi wa banki ƙarya a takardar neman rance laifi ne a dokar tarayyar Amurka, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Masu manyan iyakoki na gaske, irin na dala dubu hamsin zuwa sama, galibi mutane ne masu ajiya mai kauri a bankin, waɗanda suka yi shekaru suna kashewa suna biya tas a ƙarshen wata. Baƙin katin American Express da ake yayatawa ma ba a nemansa, gayyata ake yi. Wato wanda ya fi kowa samun iyaka shi ne wanda bai dogara da ita ba. Banki kuma na da ikon rage ta duk lokacin da ya ga dama, kamar yadda aka yi wa mutane da yawa a rikicin tattalin arziki na 2008 da lokacin annobar korona a 2020, daidai sa'ad da suka fi bukata.

Kada na gida ya ce wannan zancen mutanen Amurka ne. Gaskiya ne yawancin katunan da ke aljihunmu na cire kuɗinmu ne na kanmu, amma bankuna a Najeriya suna ba ma'aikata katin bashi gwargwadon albashinsu, ga kuma manhajojin rance a waya. Muna da kamfanonin tattara tarihin bashi masu lasisin Babban Banki, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry, da doka ta 2017 da ta tsara aikinsu. Tun watan Agustan 2020 kuma akwai tsarin da ke ba banki damar bin lambar BVN ya cire bashinsa daga asusunka na wani banki, bisa izinin da ka sa wa hannu ranar karɓar rance ba tare da ka karanta ba. Zancen riba a addini kuwa ba sai na maimaita ba, kowa ya san hukuncinsa.

In har ka riƙe katin, to ka ji wannan: kada ka taɓa cire tsabar kuɗi da shi. Sayayya tana da 'yan makonnin alfarma da ba a ɗora ruwa matuƙar ka biya duka a kan lokaci. Cire tsaba ba ta da wannan alfarma. Ruwa na fara hawa tun ranar, ga kuɗin cirewa da kan kai kashi 3 zuwa 5, kuma ruwanta yakan fi na sayayya tsada. Duk wanda ya zaro dala da katin bashi ya turo gida aka yi biki, ya sayi shinkafar bikin nan a farashin da ko ɗan kasuwa mafi rashin imani ba zai faɗa ba. Kada kuma ka ba aboki ko ɗan'uwa katinka da sunan zai biya ƙarshen wata, domin sunanka ne a rubuce, kai za a bi. Takardar da banki ke aiko maka duk wata tana nuna shekarun da za ka yi kana biya idan ka tsaya a mafi ƙaranci. Daure ka karanta wurin.

Ku kuma iyaye da dangi da ke gida, da ku nake. Idan ɗanku na waje ya ce ba shi da hali a wannan watan, ku yarda da shi. Kafin ku aika masa jerin kayan ɗaki ko kuɗin ragon suna, ku tambaye shi ko daga guminsa zai fitar ko daga kati. In ya ce daga kati ne, ku rage hidimar.